Taɓon Tasawa da Farar Shaddata

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara manyan Tasawa a bayan banɗakunan wata makarantar kwana don in nuna musu ilimina ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in labarin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun yi zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni ɗan Attantane ne, can cikin yankin Mayahi. Mahaifina ya rasu tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, saboda haka Inna ce ta riƙe ni, ita da ƙanenta Kawu Salisu, mai sayar da wake a kasuwa. Su biyun nan suka yi ta turawa har na kai jami'a a Yamai, inda na karanta fannin ruwa da tsabtar muhalli. To, a garinmu in aka ce ruwa, abu ɗaya ake nufi: rijiya, pampo, ko kuma shato, wato dogon tankin nan da ake hange tun daga nesa. Da Kawu ya ji cewa ɗan ƴar'uwarsa zai zama injiniyan ruwa, sai ya ɗauki maganar ya kai ta kowace rumfa. Duk wanda ya zo awon wake sai ya tafi da gyara, ya kuma tafi da albishir cewa shato na nan tafe.

Ni kuwa ban yi ƙarya ba. Jimlar kawai na yanke a tsakiya. In an tambaye ni abin da nake karantawa sai in ce ruwa, in yi shiru. Ban taɓa ƙarasawa in ce ruwan ƙazanta ba, wato wanda ya fito daga banɗaki da wurin wanki da magudanar kicin. (Ku gaya mini, ta yaya mutum zai dubi uwar da ta sayar da akuyarta don karatunsa, ya ce mata ya ƙware a kan abin da mutane ke bari a bayansu?) Abin mamakin shi ne ina son fannin kamar me. In na fara maganarsa a cikin abokai sai sun roƙe ni in bari su gama cin abinci.

Da na gama, aka turo ni Tasawa in yi sitaj, wato koyon aiki, a hannun wata injiniya, Madam Hadiza, wadda ke kula da sha'anin tsabta a yankin. Mace ce gajeruwa mai gilashi, ba ta da yawan magana, amma in ta ɗaga gira ɗaya ka san ka yi shirme. Ita ta kai ni wata makarantar kwana a gefen gari, inda wani aikin taimako ya taɓa gina ƴar tashar tace ruwan ƙazanta. Ranar da na fara ganin tashar nan, sai da na zagaye ta ina murmushi kamar wanda aka nuna wa amarya. Duk abin da na karanta a takarda ga shi a gabana da siminti, yana ɓulɓul.

Bari in yi muku bayani a taƙaice, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane girman wautata ba. Ruwan ƙazantar makarantar duka yana gangarowa cikin wani kwami na siminti. A ciki akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne dattin ruwan. Wani inji mai aiki da hasken rana yana hura musu iska, su kuwa suna ta ci. Daga nan ruwan ya wuce kwami na biyu ya kwanta, mai tsabta ya tsaya a sama a ja shi zuwa lambun zogalen makaranta, mai kauri kuma ya zauna a ƙasa. Wannan mai kaurin shi muke kira taɓo. Kuma ba ƙasa ba ce, jikin halittun ne da kansu. Sun ci sun ƙoshi, sun yi ta haihuwa, sun yi yawa. Matsalar kowace tasha irin wannan ke nan: gwargwadon kyan aikin halittun, gwargwadon tarin taɓon da za ka rasa inda za ka kai.

A makarantar nan abin ya riga ya zama fitina. Filin da ake shanya taɓon ya cika, ƙudaje sun mayar da wurin unguwarsu, maƙwabta sun kai ƙara, motar da ke zuwa kwashewa kuma sai an kirawo ta daga Maraɗi, ta zo in ta ga dama. Shugaban makarantar ya gaji. Ya gaya wa Madam cewa in damina ta sauka ba a sami mafita ba, zai sa a kashe injin a koma ramuka irin na da. Da an yi haka, lambun ya mutu, ruwan kuma ya koma malala a bayan katanga inda yaran unguwa ke wasa.

Nan ne na ga ƙofata ta buɗe. A kan wannan matsalar na rubuta kundin kammala karatuna, kuma akwai wata dabara da na ƙwallafa wa rai. Tunda yawan ci ne ke sa halittun haihuwa, sai a riƙa ɗibar wani kaso nasu ana kai su wani mazubi na dabam inda babu iska, babu sabon abinci. Su zauna can su ji jiki. Masu rauni su mutu, sauran su cinye su. In an mayar da su babban kwami, yunwa ta sa su rufar wa datti da ci, amma ƙarfin da suka samu ya tafi wajen farfaɗowa, ba wajen hayayyafa ba. Ruwa ya tsabtata kamar kullum, taɓo kuma ya ragu. Ni na raɗa wa abin suna azumin halittu, kuma na ji daɗin sunan nan fiye da kima.

Na kai wa Madam maganar ina haɗa kalmomi saboda ɗoki, ina zana mata hoto a bayan wata tsohuwar ambulan. Ta saurara har na gama, ta ce dabarar sananniya ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba (wannan ya ɗan sosa mini rai), amma ba ta ga an gwada ta a tasha ƙarama irin tamu ba, kuma ba mu da abin da za mu rasa. Ta samo mini wani ƙaton tono, wato duro na roba, shuɗi, mai murfi, da ƴan tiyo da ƙaramin pampo. Muka girke shi a gefen kwamin, muka sa masa robine, wato kan pampo, a ƙasa don ɗiban samfur, muka kafa masa zana don ta kare shi daga rana. A saman murfin kuma muka huda muka sa wani siririn bututu yana kallon sama. Taɓo in ya zauna ba iska yana fitar da gas, kuma ta wannan bututun yake fita. Madam ta ƙwanƙwasa bututun da alƙalami ta ce, "Wannan shi ne hancinsa. Kome za ka taɓa, kar ka taɓa shi."

Na ce mata ai babi guda na rubuta a kan gas ɗin nan. Gaskiya ne kuwa, kuma malamina ya yaba babin.

Makonnin farko ba abin da ya canza, har na fara ramewa. Kullum da safe in ɗebo ruwan kwami a doguwar kwalbar awo, in ajiye, in tsugunna ina kallon taɓo yana kwanciya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sai sannu a hankali abin ya fara nunawa. Taɓon da muke zubarwa ya fara raguwa, ruwan da ke fita kuwa garau, zogale na ta tofo. Muka sake awo, muka sake, don kar a ce idona ne ke yi mini gizo. Ba gizo ba ne. Ranar da Madam ta duba sakamakon ta cire gilashinta ta ce abin yana aiki, na fito daga biro, wato ofishinta, na hau babur na zagaye Tasawa ba tare da na san inda za ni ba. Na gaya wa mai shayi. Na gaya wa mai faci. Na tsayar da wani abokina a bakin tashar mota na yi masa bayanin azumin halittu har motarsa ta tashi ta bar shi. Wani ɓangare na filin shanya ya bushe ƙaƙas, ƙudaje suka ragu, shugaban makaranta ya fara gaishe ni da hannu biyu.

Shi ne ma ya kawo shawarar a gayyaci mutane su gani. Za a kira mataimakin magajin gari, da wakilan iyayen ɗalibai, da mutanen aikin taimakon da suka gina tashar, da ɗan jarida daga rediyon gari. In sun gamsu, za a bar tashar ta ci gaba, wataƙila ma a ɗauke ni aiki in kula da ita. Madam ta ce tunda gwajina ne, ni zan yi bayani.

Da murna ta yi mini yawa, sai na kira Kawu a waya. Niyyata in gaya masa kawai cewa za a ji ni a rediyo. Amma Kawu bai bari na kai ƙarshe ba. Da ya ji an ce magajin gari da rediyo, sai ya yanke hukunci cewa za su zo, shi da Inna. Ya ce ba za a buɗe aikin ɗansu suna Attantane suna jin labari a bakin mutane ba. Na yi ta kame-kame, na ce hanya ba kyau, na ce zafi ya yi yawa ga Inna. Ya ce ai Inna ce ma ta fi shi ɗoki, har ta ciro mayafinta na biki.

Bayan na kashe wayar na je na tsaya a gaban tonona. A karo na farko na shaƙi wurin da hancin baƙo. Ni na saba, amma gaskiya wari ne, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma daga siririn bututun nan yake fitowa. Na hango Inna zaune a nan cikin mayafinta, tana toshe hanci a hankali don kar in gani. Na hango fuskar Kawu. Sauran tashar ba ta da wani wari sosai, ruwan da ke fita ma kamar na pampo. Bututun nan kaɗai ne zai tona mini asiri.

Ana sauran ƴan kwanaki taron, na samo guntun shambur, wato robar cikin tayar babur, na naɗe bakin bututun, na ɗaure da waya tamau. Na bi gefen murfin ma na ƙara matse shi. Ina yi ina gaya wa kaina cewa na ɗan lokaci ne, da baƙi sun tafi zan kwance. Mutumin da ya rubuta babi guda a kan gas ke nan. Kuma lokacin bazara ne, irin zafin Tasawa da ke sa kare ya ƙi tashi ko an jefe shi. Wari kuwa ya ɗauke ɗif, har na yaba wa kaina. Daga nan na wuce wurin tela na karɓo sabon ɗinkina, farar shadda riga da wando, da aiki a wuya. (Madam ta ce in sa rigar aiki da takalmin roba. Na ce to. A raina na ce ba a shiga rediyo da takalmin roba, kamar dai ana ganin mutum a rediyo.)

Da safiyar ranar na ƙara wani shirmen a kan na farko. Na dubi zanar da ke yi wa tonon inuwa na ga ta tsufa, za ta ɓata hoto, sai na cire ta na jingine a bayan katanga. Tono ya tsaya tsirara a rana tun hantsi. Na lura cikinsa ya ɗan kumbura, murfin ya yi tudu, amma hankalina na kan jawabin da nake maimaitawa. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne ya yi kyau, ya cika fam kamar ragon layya.

Baƙi suka fara isowa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. An kafa rumfa, an jera kujeru, ɗalibai sun yi layi a baya. Mataimakin magajin gari ya zo cikin babbar riga ruwan sararin sama. Ɗan jarida ya zo da makirfo mai soso a kai. Sai ga su Inna, sun taso tun asuba ta Mayahi. Kawu ya sha sabuwar hula, yana shiga yana gaya wa duk wanda ya haɗu da shi cewa shi ne kawun injiniya, har ya samo musu kujeru a sahun gaba. Na ga yana ta ɗaga kai yana waige-waige. Shato yake nema. Da bai gani ba ya jawo ni gefe ya tambaya, na ce masa wannan aikin na ƙasa ne, irin na zamani. Ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. Inna kuwa ta kama hannun rigata ta shafa shaddar, ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya ciko.

Jawabina kuwa ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Na fara da Faransanci don manya, na juya Hausa don jama'a. Na kauce wa kalmar banɗaki kamar mai tsallake ƙaya, ina ta cewa ruwan da aka yi amfani da shi. Na nuna musu kwalbar ruwan da ke shiga da ta wanda ke fita, aka yi tafi. Na kawo maganar azumin halittu, aka yi dariya, mataimakin magajin gari ya tambaya ko suna yin sahur, aka ƙara fashewa. Ina jin kaina kamar ina tashi sama. Madam na tsaye a gefe, har ta ɗan yi murmushi. A tsarin da muka yi da ita, nan ya kamata in tsaya in ba da damar tambayoyi.

Ban tsaya ba. Daɗin tafi ya ɗebe ni, na ce bari in nuna musu masu azumin da idonsu. Na roƙi manyan baƙi su taso su matso kusa da tonon. Suka taso, Kawu a gaba, Inna a bayansa. Ɗan jarida ya miƙo makirfo daidai bakina. Na ɗauki kwalba mai faɗin baki, na durƙusa a gaban robine, na ɗaga kai na ce da ƙarfi, "Ku matso, kar ku ji komai. Ku shaida da hancinku, wannan fasaha ko wari ba ta da..."

Na murɗa robine.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Abin da na sani shi ne gas ɗin da na tsare kwana da kwanaki, rana ta dafa shi tun safe, ya sami ƙofa, kuma ya turo duk abin da ke gabansa. Taɓo ya fito kamar an harba shi, ya daki gindin kwalbar, ya dawo mini a fuska. Baƙi ƙirin, mai ɗumi. Bakina kuma a buɗe yake, don ban gama faɗin kalmar ba. Na saki kwalba na laluba in rufe robine, hannuna na santsi, sai na fizge guntun tiyon da ke bakinsa. Nan abin ya daina bin hanya ɗaya, ya shiga feshi kamar mai ban ruwa a lambu. Ta cikin ido ɗaya da ya rage mini na ga babbar riga ruwan sararin sama tana gudu. Na ga hular Kawu ta canza launi. Na ga ɗan jarida ya ja da baya ya yi karo da kujera, makirfonsa na ɗiga. Sai warin ya iso, warin kwanakin nan duka a dunƙule, ya sauka a kan taron kamar bargo.

Ni kuwa ina durƙushe, na rungume robine da hannu biyu da ƙirji, ina ƙoƙarin tare shi da farar shaddata.

Madam Hadiza ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta zagaya ta bayan tonon, ta ɗaga kai ta dubi bututun, ta ga shambur. Ta taka bulo, ta kwance wayar da yatsunta, ta fizge robar. Bututun ya saki wata doguwar ƙara mai kaɗawa, irin wadda ba a yi a gaban surukai, ta yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Wuri ya yi tsit ana saurare. Da ta ƙare, wata ɗaliba a baya ta kasa riƙe dariya, daga nan makaranta duka ta ɗauka. Feshin ya lafa, na samu na rufe robine. Madam ta dunƙule guntun shambur ɗin ta jefa a jakarta ba tare da kowa ya lura ba, ta dube ni, gira ɗaya a sama, ta ce a hankali, "Je ka wanke. Zan ƙarasa."

A bayan kicin na yi wanka da bokiti, na wanke baki har dasashina ya yi zafi. Malamin wasanni ya ara mini riga da gajeren wando na ƴan ƙwallo, wandon bai kai gwiwa ba. Na daɗe a tsaye a wurin ina tunanin ko akwai hanyar da mutum zai bi ya isa Agadas a ƙafa ba tare da an gan shi ba. Daga nesa ina jin muryar Madam, ta kwashe baƙi zuwa lambun zogale inda iska ke kaɗawa, tana yi musu bayani a natse kamar ba abin da ya faru.

Da na fito na tarar da Inna zaune a gindin wata bishiyar bedi, ta sami buta tana wanke gefen mayafinta. Na so in juya, ta riga ta gan ni. Na je na tsugunna a gabanta cikin gajeren wandon nan, na kasa ɗaga kai. Ta tambaye ni ko abin ya shiga idona, na ce a'a. Ta ci gaba da matse mayafi. Can ta nuna banɗakunan da haɓa, ta nuna kwamin, ta nuna lambun, ta tambaya ko ruwan can ne ke zama ruwan can. Na ce shi ne. Sai kawai na ji bakina ya buɗe, na gaya mata duka: abin da na karanta tun farko, dalilin da ya sa nake yanke maganar, da abin da na ɗaure a bututu saboda zuwanta.

Ta ajiye butar ta dube ni.

"Don ni ka toshe shi?"

Na ce e.

"Kai, wanga yaro. Ni da na wanke maka kashi tun ba ka san sunanka ba, ni za ka ɓoye ma wari?" Ta sake duban mayafin, sai kafaɗunta suka fara rawa. "Ai da ka hwaɗa mini aikin ke nan, da tsohon zane na ɗauro."

Dariya ta ci ƙarfinta har tana share hawaye, ni ma ban san lokacin da na kama ba. Da ta natsa ta ce in tashi in kai ta ta ga zogalen nan da kyau, don ita ba ta taɓa ganin ganye kore haka a tsakiyar bazara ba. Haka na zagaya da ita lambun, cikin kayan ƙwallo, tana tambaya ina amsawa, wannan karon ba tare da na tsallake ko kalma ɗaya ba.

Kawu ne ya fi wuyar sha'ani. Ya ƙi yi mini magana har suka hau mota, yana riƙe da hularsa a cikin leda nesa da jikinsa. Amma Kawu mutum ne da ba ya iya riƙe labari mai daɗi. Kafin mako ya zagayo duk kasuwar Attantane ta ji, kuma a bakinsa feshin ya kai tsayin bishiyar giginya, shi ne kuma ya tare wa magajin gari da ƙirjinsa. Ɗan jaridan ya yi mini kara ya yanke wurin a shirinsa, sai dai ɗalibai ba su yanke komai ba. Har na bar Tasawa, in na wuce ta bakin makarantar sai in ji wani ya kwaikwayi ƙarar bututun nan da baki.

Washegari na je biro ina jiran a sallame ni. Madam ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci tana rubutu, sannan ta ce baƙin sun ga filin shanya, sun ga ruwan, sun yarda a bar tashar, kuma mataimakin magajin gari ya ce bai taɓa halartar taron da ya gane bayaninsa sarai kamar wannan ba. Ta ce in je in nemi gafararsa in kuma karɓo rigarsa in kai wanki da kaina. Game da wari kuma, ta ce da na tambaye ta, da mun ƙara wa bututun tsawo mun bi da shi ta cikin gwangwanin gawayi, aikin rabin yini. Haka muka yi daga baya, warin ya ragu sosai. Aka kuma ɗauke ni aikin.

Darasin da na koya bai da zurfi, amma na biya shi da tsada. Duk abin da yake da rai yana bukatar ta inda zai yi numfashi, ko halitta ce a cikin tono, ko gaskiya ce a cikin ciki. In ka bar ta tana fita kaɗan-kaɗan, iyakarta a ɗan yamutsa fuska a wuce. In kuwa ka ɗaure mata baki don kunya, za ta jira sai ka tara jama'a, ka ce su matso, sannan ta fito gaba ɗaya. Kuma in har sai ka yi alfahari a gaban robine, to ka gama maganarka ka rufe baki kafin ka murɗa.